Amsoshin Tambayoyinku: Jak Ɗin Lantarki Ya Take Ƙafar Ƙanena A Sito, Mene Ne Abin Yi?

TAMBAYA: Ina zaune a unguwar Anbariyya a Madina tare da ƙanena, wanda yake aiki a wani siton kayan abinci da ruwan roba a bayan gari. Kwana huɗu ke nan, yana jan kaya da jak ɗin nan mai batir da ake ɗaga tabliyya (katakon da ake jera kaya a kai) da shi, sai jak ɗin ya take masa ƙafar dama, ya matse shi da ƙarfen kanta. Ƙafar ta kumbura, ba ya iya takawa. Mushrif ɗinsu, wato mai kula da aikinsu, ya ba shi ɗan kuɗi da maganin ciwo, ya ce ya je gida ya huta, kada a kai maganar ko'ina tunda laifinsa ne. Wasu 'yan'uwa kuma sun ce a kira mai ɗori. Shin ɗan injin nan yana iya karya ƙashi? Baƙo yana da wani haƙƙi a ƙasar nan idan ya ji rauni a wurin aiki? In kuma Allah ya ba shi lafiya ya koma, yaya zai kiyaye kansa?

Daga wani mai karatu, Anbariyya, Madina.

AMSA: Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi masa. Abubuwa biyu ne a maganar nan ba sa jiran gobe, shi ya sa na riga na aika maka da su a taƙaice ranar da saƙonka ya iso: a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙafar, sannan a sanar da kamfanin a rubuce kafin kwana 7 su cika. Ga cikakken bayanin, domin ku da sauran 'yan'uwa masu irin wannan aiki a Madina da Jidda da Yanbu.

E, yana karya ƙashi, har ya kan daddatse shi. Ƙanƙantar jak ɗin ce take yaudarar mutane. Ka lissafa da kanka: kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma tabliyya guda da aka jera wa katan-katan na ruwan roba tana kaiwa kusan tan ɗaya. Yawancin waɗannan injuna an ƙera su ne su ɗauki tan ɗaya da rabi zuwa biyu, ga nauyin jikinsu da na batir, wanda a manyan cikinsu ya kai kilo ɗari-ɗari. Duk wannan nauyi yana zaune ne a kan 'yan ƙananan tayoyi masu tauri, marasa iska, ba su da lotsawa. Sa'an nan ƙarfen da ya zagaye gindin injin ya yi ƙasa sosai, daidai tsayin bayan ƙafa da idon sawu. Ƙafar mutum kuwa ƙasusuwa 26 ne ƙanana, jijiyoyi suka ɗaure su. Idan wannan ƙarfe ya hau su, ba sai yana gudu ba.

Ƙafar da aka kwana huɗu ba a iya takawa da ita, ba targaɗe za a ɗauke ta ba sai likita ya ce haka. Ka duba tafin ƙafar: idan ka ga jini ya kwanta ya yi baƙi-baƙi a tsakiyarsa, ka nuna wa likita, domin alama ce ta rauni a haɗin ƙasusuwan tsakiyar ƙafa, irin wanda hoton farko ya kan kasa nunawa. A irin wannan hali a kan sake hoton mutum yana tsaye, ko a yi sikanin. Idan aka bar shi bai gyaru ba, ƙafar ta kan baje, mutum ya rayu da ciwo da ɗingishi. Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa a raunin matsewa: kumburi ya taru a cikin tsoka har ya toshe wa jini hanya. Alamarsa ciwo ne da ya wuce misali, wanda magani ba ya kwantar da shi, ƙafa ta yi tauri, yatsu su dinga mutuwa ko su yi sanyi. Wannan aikin tiyata ne na cikin sa'o'i kaɗan. Duk wanda ya ga haka ya kira motar agajin Hilal Ahmar a lamba 997, ko da tsakar dare ne. Idan fata ta fashe a tambayi allurar tetanus, in kuma mutum yana da ciwon suga ya faɗa tun daga bakin ƙofa, domin raunin ƙafa a jikin mai suga ba ya son sakaci ko na yini ɗaya.

Game da mai ɗori, ban raina sana'ar ba, kuma na san 'yan'uwan da suka kawo shawarar ƙauna ce ta sa su. Amma mai ɗori da hannu yake gani, hannu kuwa ba ya ganin ƙashin da ya tsage gida uku a ƙarƙashin kumburi. Ɗaure ƙafar da aka matse da kara da tsumma yana ƙara toshe jinin da yake neman hanya. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kuka kan hannuwa da ƙafafun da ake kawo musu sun riga sun ruɓe saboda ɗaurin da ya yi tsanani, babu abin yi sai yankewa. Kafin ku isa asibiti, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a sa ƙanƙara a cikin tawul, kada a murza, kada a ja, kada a gasa da ruwan zafi.

Yanzu maganar haƙƙi, wadda a nan ne nake so ka buɗe kunne sosai. Saudiyya tana da hukumar inshorar ma'aikata da kowa ke kira Ta'aminat, a takardun Turanci kuma GOSI. Tana da reshe na musamman kan haɗurran aiki, kuma wannan reshe ya haɗa ɗan ƙasa da baƙo. Kamfani ne yake biyan kuɗinsa, kashi 2 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, ba a cire ko halala ɗaya daga aljihun ma'aikacin. Ma'ana, idan ƙanenka yana da rajista, an riga an biya kuɗin jinyar ƙafar nan tun kafin a take ta. Hukumar ce take ɗaukar nauyin magani da hoto da tiyata da gashin ƙashi, har da ƙafar roba ga wanda abin ya kai shi can. Tana kuma biyan alawus na kowace ranar da likita ya hana shi aiki, daidai da cikakken albashinsa na yini, sai dai a kan rage shi zuwa kashi 75 cikin 100 a kwanakin da yake kwance a asibiti a kan kuɗin hukumar. Idan raunin ya bar naƙasa, kwamitin likitocinta ne yake auna girman naƙasar, a biya baƙo diyyarsa a dunƙule. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kwamiti na gaba.

Sai dai duk wannan a kan takarda yake tsayawa. Ƙa'ida ita ce ma'aikaci, ko wanda ya tsaya a madadinsa, ya sanar da mai aikin cikin kwana 7 daga ranar da abin ya faru. Shi kuma mai aikin ya sanar da Ta'aminat cikin kwana 3 daga lokacin da ya sani, matuƙar raunin ya wuce na taimakon farko. Wanda ya yi jinkiri ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba yana iya rasa alawus na kwanakin da suka gabaci sanarwar. Za ka ce ai mushrif ya sani, tunda a gabansa aka yi. Gaskiya ne, amma wanda ya ce kada a kai magana ko'ina, ba shi za a dogara da shi ya yi shaida ba bayan wata biyu. Ku rubuta saƙo, ko ta WhatsApp ne, zuwa gare shi da ofishin ma'aikata na kamfanin: ranar kaza, ƙarfe kaza, a sito kaza, jak ya take mini ƙafar dama ina cikin aiki. Ku adana saƙon. Ku ɗauki hoton ƙafar. Ku riƙe sunayen abokan aiki biyu da suka gani, ku kuma nemi a ajiye hoton kyamarar siton kafin ya goge. A asibiti kuwa, kalmar da za ku faɗa wa mai rajista da likita ita ce raunin aiki ne, a rubuta haka a rahoto. Kada wani ya lallashe shi ya ce a bayan gida ya zame ko a matakala ya faɗi. Ƙarya ce, kuma da ita ake rufe ƙofar haƙƙin gaba ɗaya.

Batun wai laifinsa ne, kada ya tsorata ku. Inshorar haɗurran aiki an kafa ta ne domin mutane suna kuskure a wurin aiki. Dokar Ƙwadago ta Saudiyya ta shekarar 2005 ta ambaci inda mai aiki yake kuɓuta daga biyan diyya: idan ma'aikaci ya ji wa kansa rauni da gangan, ko raunin ya fito daga mugun hali na ganganci, ko ya ƙi zuwa wurin likita ba dalili. Ka lura da na ukun nan. Zama a gida da ƙafa a kumbure bisa shawarar mushrif, gobe ana iya juya shi ya zama hujja a kan ƙanenka. Ita dai wannan doka, a sashe na 122 da na 123, ta ɗora wa mai aiki ya ɗauki matakan kare ma'aikata, ya sanar da su haɗurran aikin kafin su fara, ya ba su kayan kariya, kuma ta hana shi cire kuɗin kayan daga albashinsu. Saboda haka kafin a tambayi yaro me ya sa ya tsaya a nan, sai a fara tambaya: wa ya koya masa tuƙa jak ɗin, an ba shi takalmi, kuma yaushe rabon da a duba birkin?

Idan kamfanin ya ƙi kai rahoto, ku je ofishin Ta'aminat na Madina da iƙamarsa, wato katin izinin zamansa, da rahoton asibiti. Kuna kuma iya kiran Ma'aikatar Ƙwadago a lamba 19911. Rigimar aiki a kan fara ta ne da zaman sulhu a ofishin ƙwadago, in ba a daidaita ba cikin kwanakin aiki 21 a wuce kotun ƙwadago, irin waɗanda suka fara aiki a 2018. Shawarata mai ƙarfi ita ce kada ya sa hannu a takardar sallama da ke cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa, kada kuma ya yarda a buga masa fita ta ƙarshe, sai likitoci sun gama da ƙafar an rubuta matsayinta. Takardar Larabcin da bai iya karantawa ba, a kai wa wanda ya iya.

Dole in faɗi wani abu mai ɗaci, domin na san halin da da yawa daga mutanenmu suke ciki a Madina. Wannan kariya ta mai rajista ce, wanda yake aiki a kamfanin da sunansa yake kan iƙamarsa. Wanda iƙamarsa ta direban gida ce ko ta mai aikin gida, ba ya cikin wannan reshe na Ta'aminat, kuma yin aiki a wurin wanda ba kafilinsa (uban gidansa na takarda) ba saɓa doka ne. Haka mai aikin yini da ba shi da takarda. Irin waɗannan su ne aka fi tura wa jak ba koyarwa, su ne kuma aka fi sallama da riyal ɗari biyu. Duk da haka ina roƙonsu: idan rauni ya yi tsanani, a je asibiti. Matsalar takarda tana da ofisoshin da ake bi, har da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da na Nijar a Jidda, amma ƙafar da ta ruɓe babu ofishin da yake mayar da ita.

Sai tambayarka ta uku. Unguwarku ta san dako tun 1908, lokacin da jirgin ƙasan Hijaz ya fara isowa daga Dimashƙa zuwa tashar Anbariyya, wadda yau ta zama gidan tarihi. A wancan zamani kaya a ka ne da gadon baya, nauyin da zai faɗo wa mutum bai wuce wanda ya iya ɗagawa ba. Yau babban yatsa ɗaya ne yake tura tan biyu. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki jak ɗin kamar baron 'yan dako na kasuwar Singa, wanda in ka tsaya ya tsaya. Wannan kuwa mota ce mai injinta, tana da nata ƙarfin, ba ta san ka tsaya ba. A Amurka dokar kare ma'aikata ta sa shi a sahu ɗaya da foklif, kuma tun 1999 ba a barin mutum ya tuƙa shi sai an koyar da shi an gwada shi, a kuma sake gwajin duk shekara uku. A sitoci da yawa kuwa koyarwar ba ta wuce "danna nan gaba, danna nan baya" ba.

Ga abin da ya kamata a nuna masa. Mariƙin jak ɗin shi ne birkinsa: in aka sake shi ya miƙe tsaye, ko aka danne shi har ƙasa, birki ya kama, injin yana tafiya ne kawai idan mariƙin yana tsakatsaki. A kan mariƙin akwai wani jan maɓalli mai faɗi da yake fuskantar cikin mai tuƙi. Aikinsa shi ne idan injin ya taho ya matse ka, cikinka ya danna shi, sai jak ɗin ya ja baya ya rabu da kai. Kowace safiya, kafin a ɗauki kaya, a gwada wannan maɓalli da hannu, a gwada birki da hon. In ɗaya bai yi ba, a ajiye injin a faɗa wa mushrif, kuma a faɗa a rubuce. Amma a sani, jan maɓallin ciki yake karewa, ba ya ganin ƙafa. Haka ma takalmi mai hancin ƙarfe: wajibi ne, silifas ba ta da wuri a sito ko da zafin Madina ya kai inda ya kai, sai dai yatsu kaɗai ƙarfen ya rufe, bayan ƙafa da idon sawu da diddige a fili suke. Abin da yake kare su shi ne inda mutum ya tsaya.

A tafiya mai nisa, mai tuƙi ya kasance a gaba, kaya na biye, amma a gefe ɗaya, hannu a miƙe, yana kallon inda ya dosa. Wanda yake tafiya daidai gaban injin, ranar da ya tsaya ba shiri ko ya yi tuntuɓe, diddigensa ne birki. Kada ya taɓa ja da baya alhali akwai bango ko kanta ko wata tabliyya a bayansa. Nan ne aka kama ƙanenka, kuma nan ne aka fi kama mutane. A lungu mai ƙunci akwai maɓalli mai hoton kunkuru a yawancin injunan, wanda yake sa jak ɗin ya rarrafa a hankali. A gangara, yatsun ƙarfen su kalli ƙasa, mutum yana ta sama, da kaya ko babu kaya, hawa ne ko sauka, kuma ba a juyawa a tsakiyar gangara. Jak ɗin da aka ƙera don a bi shi a ƙasa ba a hawansa. Wanda yake da wurin tsayawa kuwa, ƙafafu biyu su zauna a ciki, kada a fito da ɗaya don a tokare bango; ƙashi ba ya tare tan biyu.

Bakin lodi ya fi ko'ina haɗari. Kafin a shiga tirela da jak, a tabbata an ja birkinta an sa wa tayoyi waigi, farantin ƙarfen da ya haɗa ta da dandamali ya zauna daram, direba kuma ya san akwai mutum a ciki. Mota ta kan matsa kaɗan-kaɗan duk shiga da fita, har rami ya buɗe tsakaninta da dandamalin. A ƙofar ɗakin sanyi ƙasa ta kan jiƙe, tayoyin nan masu santsi ba sa kama ta. Ledar naɗe kaya da aka yar ta kan nannaɗe taya, guntun katakon tabliyya kuma ya tsayar da jak cak, kayan su zubo gaba. Wurin cajin batir yana son iska, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar da take kamawa da wuta. Ba a shan taba a wurin, kuma in ruwan batir ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai gudu minti 15 kafin a garzaya asibiti.

Akwai kuma gajiya, wadda ba maɓallin da yake maganinta. Madina gari ne na baƙi, kuma a Ramadan da lokacin Hajji da kakar dabino lodi ya kan ninka, a kwana ana aiki, a ɗauko sababbin hannu a miƙa musu jak ranar da suka zo. Mai azumi da bai yi barci ba, ƙarfe huɗu na yamma, ba shi ne mutumin da ya fara aiki da safe ba. Doka ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kuma lodin da ake yi a buɗaɗɗen fili yana ciki. Wanda ya ji jiri ya sauke yatsun jak ɗin ƙasa, ya kashe, ya zauna. Tirela za ta jira.

Na san za a ce maka ƙaddara ce, a yi haƙuri, balle a garin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙaddara ce, mun yi imani da haka, kuma haƙuri ibada ne. Amma neman magani da neman haƙƙin da doka ta riga ta ajiye wa mutum ba su rage komai daga haƙurin ba. Rahoton da za ku kai kuma ba na ƙanenka ba ne shi kaɗai: jak ɗin nan yana nan a siton, gobe wani yaron ne zai riƙe mariƙinsa, kuma ba za a duba birkinsa ba sai an rubuta cewa ya ji wa mutum rauni.

Ka raka shi asibitin da kanka, da iƙamarsa a hannu, ka karɓi kwafin rahoton likita kafin ku fito. In ka ga dama ka sake rubuto mana abin da hoton ya nuna da amsar da kamfanin ya bayar. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare sauran.